Ka san sunan kansilan mazaɓarku kuwa?

Kafin ka ci gaba da karatu, ɗan dakata ka amsa tambaya ɗaya, ba tare da ka buɗe Google ko ka taɓa wani a WhatsApp ba: wane ne kansilan mazaɓarku? Cikakken sunansa nake so, da jam'iyyarsa, da shekarar da wa'adinsa zai ƙare. 'Yar'uwa, ke ma fa da ke nake.

Idan ka amsa daidai, sannu da ƙoƙari. Idan kuwa ka yi shiru kana sosa ƙeya, kada ka damu, kuna da yawa. Za ka ga matashi ya lissafo maka ministoci ɗaya bayan ɗaya, ya yi maka fashin baƙi kan zaɓen Amurka, ya ƙarar da datarsa a Facebook yana kare ubangidansa na siyasa wanda bai ma san da zamansa a duniya ba. Amma ka tambaye shi ofishin da ke da alhakin kwatar da ta toshe a ƙofar gidansu, sai ya ce maka "gwamnati". Wace gwamnatin? Oho.

Mu da muka tashi a ƙananan garuruwa, yawancinmu sau ɗaya ko sau biyu muka taɓa shiga sakatariyar ƙaramar hukuma, shi ma takardar indijin ce ta kai mu, ko don neman gurbin karatu ko don cike fom ɗin aikin ɗamara. Muna karɓar takardar muka kama gabanmu. Alhali a cikin wannan ginin mai daɗaɗɗen fenti ake yanke abubuwan da suka fi shafar rayuwarka ta yau da gobe, kuma shi ne matakin gwamnati guda ɗaya da muryarka za ta iya isa kunnen mai mulki ba tare da ka nemi alfarmar kowa ba.

Gwamnatin da kake takawa kullum

Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Jihar Kano ce ta fi kowa yawa da 44, Katsina na da 34, Jigawa 27, Kaduna da Sakkwato 23 kowacce, Bayelsa kuwa takwas kacal. Kowace ƙaramar hukuma an raba ta zuwa mazaɓu, kuma kowace mazaɓa kansila ɗaya take turawa majalisa. A Kano kaɗai akwai mazaɓu 484.

Kundin tsarin mulki na 1999 bai bar aikinsu a duhu ba. Jadawali na huɗu ya jero shi dalla-dalla. Gina kasuwanni da tashoshin mota da kula da su aikin ƙaramar hukuma ne. Haka mahauta, da maƙabartu, da banɗakunan jama'a, da kwashe shara. Haka ƙananan hanyoyin cikin gari, da magudanan ruwa, da fitilun kan titi. Sa wa tituna suna da bai wa gidaje lamba yana ciki. Rajistar haihuwa da mutuwa da aure tana ciki. Har lasisin keke da kwalekwale da amalanke da baro an ambata. Sannan an ce za ta sa hannu tare da gwamnatin jiha a harkar ilimin firamare da yaƙi da jahilci da koyar da sana'a, da harkar noma, da kiwon lafiya.

To yanzu ka ɗauki wannan jeri ka zagaya garinku da shi a zuciyarka. Rumfar kasuwar da rufinta ya yaye tun daminar bara. Juji da ya cinye rabin hanyar makarantar Islamiyya. Maƙabartar da ba katanga, awaki na kiwo a kan kaburbura. Asibitin sha-ka-tafi da idan mace ta fara naƙuda cikin dare sai an nemo mai Adaidaita a tafi babban gari. Ajin firamaren da ƙaninka ke zaune a ƙasa. Kusan duk abin da ke sa ka yi tsaki daga fitowarka gida zuwa komawarka yana cikin wannan jadawali, ko kai-tsaye ko ta hanyar haɗin gwiwa da jiha.

Ranar kasuwa kuma ka lura da masu yankar rasit. Mai tumatir ya biya, mai awaki ya biya, direban da ya yi lodi a tasha ya biya. Wannan kuɗin shiga ne na ƙaramar hukuma. Ka taɓa jin an faɗi nawa aka tara a wata, ko me aka yi da shi?

A sakatariya akwai ciyaman da mataimakinsa, akwai sakatare, akwai kansiloli masu gafaka waɗanda naɗa su ake yi su riƙe sassa irin su ayyuka da lafiya da noma. Akwai ma'aikatan dindindin, irin su daraktan mulki da ma'aji, waɗanda ciyaman ke zuwa ya tafi ya bar su. Gefe guda kuma akwai majalisar zaɓaɓɓun kansiloli, wadda aikinta yin ƙananan dokoki, da amincewa da kasafin kuɗi, da bibiyar yadda aka kashe shi. Wato kansilan nan da kake ganin aikinsa bai wuce halartar ɗaurin aure da raba shinkafar azumi ba, a takarda shi ne idonka a kan baitulmalin garinku.

Daga En'e zuwa sakatariya

Ka tambayi kakanka labarin En'e. Kafin a yi ƙananan hukumomi irin na yau, mulkin ƙasa a Arewa yana hannun hukumar gargajiya ƙarƙashin sarakuna, da hakimai da dagatai da masu unguwanni. En'e tana da 'yan dokarta, da gidan yarinta, da kotunan alƙalai, da baitulmali. Ita ke karɓar haraji da jangali. Lokacin da aka kafa NEPU a Kano a 1950, babban abin da su Malam Aminu Kano suka sa a gaba shi ne yadda wannan hukuma ta kusa take tafiyar da talaka. An ɗaure mutane, an yi wa wasu bulala, an kori wasu daga garuruwansu, duk a kan neman a ba talaka bakin magana a mulkin garinsu. Shi ya sa da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, soke haraji da jangali na cikin abubuwan farko da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka yi.

A 1976, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka yi garambawul da ya mayar da tsarin iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, aka sami ƙananan hukumomi 301. Aka yi ta ƙari har suka kai 589 a 1991 zamanin Babangida, sannan 774 a 1996 zamanin Abacha. Wani abin da ba kowa ya riƙe ba: wannan jamhuriya da muke ciki da zaɓen ƙananan hukumomi ta fara. A Disambar 1998 INEC ta shirya shi, kuma da sakamakonsa aka tantance jam'iyyu uku da suka shiga babban zaɓen 1999, wato PDP da APP da AD.

Bayan nan ne labari ya sha bamban. Kundin 1999, a sashe na 7, ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙa mulkin ƙananan hukumomi, amma ya damƙa shirya zaɓen a hannun hukumomin zaɓe na jihohi. Gwamna ke naɗa shugabanninsu da amincewar majalisar jiha, kuma daga jiha suke samun kuɗin aiki. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kuɗin da ake turowa da sunanka

Kowane wata ana zama a Abuja a raba kuɗin asusun tarayya. A tsarin rabon da ake bi, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kashi 20.60. A harajin kayayyaki na VAT kuwa kason ƙananan hukumomi kashi 35 ne. Wato kusan naira ɗaya cikin kowace naira biyar da aka raba daga babban asusun, da sunan garuruwa irin naku aka fitar da ita.

Sai dai kuɗin ba sakatariyarku yake zarcewa ba. Sashe na 162 na kundin ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma a nan kuɗin ke sauka. Shekara da shekaru ƙorafin ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, shi ne gwamnoni na riƙe wannan asusu su yi yadda suka ga dama, su miƙa wa ciyaman ɗan abin da zai biya albashi ya zuba mai a mota. Wasu gwamnonin ma ba sa wahalar da kansu da zaɓe, kantomomi kawai suke naɗawa su yi ta sabunta musu wa'adi.

A 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan zirga-zirgar kuɗi ta fitar da ƙa'idar da ta hana cire tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka garzaya kotu. Sai ranar 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan gwamnonin jihohi 36, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci mai zafi. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta shi. Kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye, ta ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya sa kantoma, ta kuma ce ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba kada a ba ta kason.

Ranar kam an sha murna a soshiyal midiya. Amma aiwatarwa ta zama wani dogon zance: an kafa kwamiti, an ce kowace ƙaramar hukuma ta buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya, watanni suka yi ta wucewa ana ja-in-ja. A Anambra ma sabuwar doka aka yi a shekarar, wadda ta wajabta wa ƙananan hukumomi zuba wani kaso a asusun da jiha ke da hannu a ciki.

Don a yi adalci, masu tsoron sakar wa ciyamomi kuɗi suna da hujjarsu. Ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana fargabar cewa idan albashin malaman firamare ya koma hannun ciyamomi kacokan, za a koma zamanin da malami ke yin watanni bai ga ko sisi ba. Kuma ba tsoron banza ba ne: a 2025 malaman firamare na Abuja sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki saboda hukumomin yankunansu ba su biya su sabon mafi ƙarancin albashi ba. Idan aka ɗauke kuɗi daga hannun mutum 36 aka raba wa mutum 774, kuma babu mai tambayar su, ɓarnar ce kawai za ta sauya gida ta dawo kusa da kai.

Zaɓen da ake sanin sakamakonsa tun da asuba

Hukuncin kotun ya sa jihohi da yawa suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe don kada a riƙe musu kuɗi. Duba abin da ya fito. A Agustan 2024, PDP mai mulkin Bauchi ta lashe kujerun ciyaman 20 cikin 20, APC mai mulkin Kebbi ta lashe 21 cikin 21. A Satumba APC ta kwashe 23 na Sakkwato. A Oktoba APC ta kwashe 27 na Jigawa da 23 na Kaduna, NNPP kuma ta kwashe 44 na Kano cikin taƙaddamar kotuna. A Nuwamba PDP ta ɗauke 14 na Zamfara. A Fabrairun 2025 APC ta ɗauke 34 na Katsina.

Kada ka yi saurin nuna wa jam'iyyar da ba ka so yatsa. A Kanon nan, a 2018 da 2021, lokacin APC na mulki, ita ma 44 ɗin ta kwashe cif. Idan ba ka manta ba, zaɓen 2018 ne ma aka yi ta yaɗa hotuna da bidiyon da aka ce ƙananan yara ne ke dangwala ƙuri'a, har INEC ta kafa kwamitin bincike. Duk jam'iyyar da ke gidan gwamnati, sakamakon iri ɗaya ne. Ka taɓa ganin gasar ƙwallon unguwa da kulob ɗaya ne ya kawo alƙalin wasa, ya biya shi, ya kuma sayo kofin?

Ga kuma kuɗin fom. Gabanin zaɓen 2024, hukumar zaɓen Kano, KANSIEC, ta sanar da naira miliyan 10 ga mai neman ciyaman da miliyan 5 ga mai neman kansila, abin da ya kai ga shiga kotu. Ka gaya mini, matashin da ya gama digiri yana ɗinki ko cajin waya a bakin kasuwa, ina zai samo miliyoyi don takarar kansila, in ba wani mai gidan rana ne ya tsaya masa ba? Wanda kuwa aka saya wa fom, ai ka san wa zai yi wa biyayya.

To in haka ne, don me za ka wahalar da kanka?

Tambayar tana kan hanya, kuma ita ce dalilin da ya sa rumfuna ke zama fayau ranar zaɓen ƙananan hukumomi, yara na buga ƙwallo a titi saboda an hana zirga-zirga. Amma akwai abubuwa uku da ya kamata ka auna kafin ka yanke ƙauna.

Na farko, an taɓa ganin inda abin ya bambanta. A Abuja, inda INEC ke shirya zaɓen hukumomin yankuna shida, a Fabrairun 2022 APC ta ci uku, PDP ta ci uku, alhali APC ke riƙe da fadar shugaban ƙasa a garin. A Kaduna an yi amfani da na'urar kaɗa ƙuri'a a 2018, karo na farko a Najeriya, aka sake a 2021, kuma duka biyun 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi. A na 2021 har akwatin gwamna Nasiru El-Rufa'i da ke Unguwar Sarki PDP ta cinye. Daga baya aka jingine na'urar, a 2024 kuma jam'iyya ɗaya ta kwashe duka. Wannan ya nuna maka cewa cin duka ba daga halin mutanenmu yake ba, daga yadda aka tsara zaɓen yake, kuma abin da doka ta tsara doka na iya gyarawa. Maganar a ƙwace zaɓen daga hukumomin jihohi a ba INEC ko wata hukuma mai zaman kanta tana cikin abubuwan da ake ta kawowa a gyaran kundin tsarin mulki. Gyaran kuwa ba ya wucewa sai da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Ɗan majalisar jiharku yana da ƙuri'a a ciki. Ka taɓa tambayarsa ina ya dosa?

Na biyu, idan jam'iyyar gwamna ce ke cin duka, ainihin zaɓen yana faruwa ne ranar da ake fitar da ɗan takara. A nan ake yin abin da ake kira maslaha: shugabannin jam'iyya na mazaɓa, da 'yan majalisa, da dattawan gari su zauna a falon wani babba su fitar da suna. Dokar Najeriya ba ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai ta jam'iyya. Kuma ko ɗauki-ɗora za a yi, masu ɗorawar ba sa son sunan da zai jawo musu tsinuwa a gari, domin babban zaɓe na tafe kuma a hannun waɗannan mutanen za su nemi ƙuri'a. Idan matasan mazaɓa suka haɗa kai tun da wuri suka ce wane muke so, wane kuma ba ma so ga dalilinmu, ana jin su fiye da yadda kake zato. Wanda ba ya wurin ne ake yanka ba da shi ba.

Na uku, ka yi lissafi. A zaɓen 2023 INEC ta yi wa mutum miliyan 93.4 rajista a mazaɓu 8,809. Idan ka raba, kowace mazaɓa ta tashi da mutum dubu goma da 'yan kai. Waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa kusan kashi 27 ne cikin ɗari, wato ƙasa da mutum 3,000 a matsakaiciyar mazaɓa, kuma na kansila ba ya kama ƙafar wannan. A rajistar, 'yan shekara 18 zuwa 34 sun kai kusan kashi 40 cikin ɗari, ɗalibai kuma su ne rukuni mafi yawa. A zaɓen shugaban ƙasa ƙuri'arka ɗigo ce a cikin kogi. A mazaɓa kuwa, zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarku, da kulob ɗin ƙwallonku, da ƙungiyar 'yan Adaidaita, da matan da ke adashe tare da mahaifiyarka, in aka haɗa su sun isa su hana ɗan takara barci.

Ƙaramin gari yana da wani abu da birni ba shi da shi: babu wurin ɓuya. Shugaban ƙasa ba zai taɓa ganin kwament ɗinka ba. Ciyaman kuwa sahu ɗaya kuke bi ranar Juma'a, kuna haɗuwa a jana'iza, matarsa na zuwa suna gidanku. Kansila wataƙila ma ajinku ɗaya da yayanka. Wannan kusancin takobi ne mai kaifi biyu, gaskiya. Shi ne ke sa a ce maka "haba, ɗan gidan wane ne fa, a rufa masa asiri", ko a kai ƙararka wurin mahaifinka don ka yi rubutu. Amma shi ne kuma ke sa tambaya ɗaya da aka yi cikin ladabi a gaban jama'a ta fi zagi dubu a intanet tasiri, saboda mutumin ƙaramin gari ya fi tsoron kunya a kan kotu.

Abin da wayar hannunka za ta iya

Fara da sani. Nemo sunan kansila, da ciyaman, da kansilan da ke riƙe da sashen ayyuka. Nemo ranar da wa'adinsu zai ƙare, domin ya bambanta daga jiha zuwa jiha.

Sannan nemo adadi. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa rabon kowane wata a intanet, kuma ana samun abin da aka rubuta wa kowace ƙaramar hukuma da sunanta. Datar da za ka kashe ba ta kai ta kallon bidiyo biyar a TikTok ba. Ka ɗauko na garinku ka sa a shafinka, ba zagi, ba habaici: ga abin da aka ce an turo mana a wata kaza, ranka ya daɗe nawa ya iso, me aka yi da shi? Idan ciyaman ya ce bai iso ba, ka samu labari. Idan ya ce ya iso, ka samu tambaya ta gaba. A ajin koyon aikin jarida abin da ake fara cusa mana ke nan: kada ka ce "an sace" alhali abin da ke hannunka "an turo" ne kawai. Wannan bambancin shi ke raba mai neman gaskiya da sojan baka, shi ne kuma zai kare ka idan aka nemi juya maganar ta zama ɓata suna.

Idan za ka ɗauki hoton matsala, ka yi shi yadda ba za a musa ba. Faɗi unguwa, faɗi rana, nuna wata alama da kowa ya sani. Kada ka ɗauko hoton wani gari ka liƙa wa naku. Ranar da aka gano, duk abin da ka faɗa a baya ya zube. Bayan wata guda ka koma wurin ka sake ɗauka. In an gyara, ka faɗa da irin ƙarfin da ka yi ƙorafi.

Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ku rubuta da sunan ƙungiyarku, ku nemi kwafin kasafin kuɗin bana, ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ko ba a amsa ba, wannan hatimin shaida ce.

Kada ka raina ƙananan kujeru. Makarantun firamare na gwamnati suna da kwamitin al'umma na SBMC, mazaɓu kuma suna da kwamitin ci gaba da ke sa ido kan asibitin matakin farko. Sau da yawa dattawa ne kaɗai a ciki, ba don sun hana matasa ba, don ba wanda ya zo. 'Yan'uwa mata, nan ne musamman ake buƙatarku. Ku kuka san ranar da ba ma'aikaciya a ɗakin awo, ku kuka san lokacin da allurar rigakafi ta yanke.

Sai katin zaɓe. Hukumomin zaɓen jihohi da rajistar INEC suke aiki, don haka katinka na dindindin shi ne dai. Amma idan a makaranta ka yi rajista, akwatinka na can, ba ka da ƙuri'a a garinku sai ka nemi a mayar da kai lokacin da INEC ta buɗe rajista. Ranar zaɓe kuma, idan an kawo kaya ka jefa ƙuri'arka ka tsaya a ƙirga. Idan ba a kawo ba, ka rubuta lokaci, ka ɗauki hoton rumfar yadda take. Sakamakon da aka rubuta a ɗaki ya fi jin daɗin garin da ba wanda ya fito balle ya ba da shaida. Abu ɗaya dai: kada ka yarda a ba ka ƙwaya da gora ka zama ɗan jagaliyar wani. Wanda ya ba ka, 'ya'yansa na makaranta.

In kuma kai ne kake jin za ka iya, to bismilla. Dokar rage shekarun takara da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2018 ta sauko da shekarun shiga majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25. Na kansila da ciyaman dokar kowace jiha ce ke faɗa, sai ka nemi ta jiharku ka karanta. Kuma kada wani ya ce maka kujerar ta yi ƙanƙanta. Nasiru Yusuf Gawuna ya riƙe ƙaramar hukumar Nassarawa a Kano kafin ya zama mataimakin gwamna. Nyesom Wike daga ciyaman na Obio/Akpor ya taso har ya zama gwamnan Ribas, ya zama ministan Abuja. Ko kana son su ko ba ka so, sun san inda tsani yake farawa.

Ba na ce maka idan ka yi waɗannan gobe za a wayi gari an kwashe juji an zuba magani a asibiti ba. Gwamnoni ba za su saki wannan asusu cikin daɗin rai ba, kuma wasu ciyamomin da za a sakar wa kuɗin sai sun fi gwamnonin haɗama. Amma damina na zuwa kowace shekara, kuma ruwan da kwata ta hana wucewa ɗakin mahaifiyarka zai shiga, ba gidan gwamnati ba. A cikin makon nan ka nemo lambar kansilanku, ka gaishe shi da girmamawa, ka tambaye shi yaushe majalisarsu ta yi zamanta na ƙarshe da abin da aka tattauna. Duk amsar da ya ba ka, ko shirun da ya yi, ka kawo mana a sashen sharhi tare da sunan mazaɓarku.